Kafin Hunturu Ya Shigo: Yadda Za Ku Sa Ƙaramar Hukuma Ta Kula Da Rigakafin Gobara Da Marasa Ƙarfi A Unguwarku

A watan Yunin 2018, ana cikin hidimar ƙaramar Sallah, wuta ta tashi a kasuwar Azare ta laƙume dukiya mai yawa, kusan lokaci guda da guguwar da ta yaye rufin gidaje a cikin garin Bauchi. Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya zo jaje. Jaje kam mun iya shi. A zo da buhunan shinkafa da bandir na kwano, a ɗauki hoto, a yi addu'a Allah ya mayar da alheri, kowa ya shiga motarsa. Abin da ba mu cika yi ba shi ne tambayar wanda ya kamata ya duba wayoyin wutar rumfunan nan tun kafin daren, da wanda ya bari aka toshe hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi.

Wannan jagora ta mazauna unguwa ce, da shugabannin 'yan kasuwa, da matasan ƙungiyoyin sa kai, a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi. Na haɗa batun gobara da batun kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da gangan, domin idan wuta ta tashi tsakar dare, wanda ke rasa ransa galibi shi ne wanda ba ya iya tashi ya gudu da ƙafarsa.

Da farko, ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Motar kashe gobara ba ta ƙaramar hukuma ba ce. 'Yan kwana-kwanan da muke gani na gwamnatin jiha ne, sai kuma na tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, waɗanda dokar da ta kafa su ta samo asali tun 1963. Idan kuka je sakatariya kuna neman ciyaman ya saya muku mota, za a ce muku ba huruminsa ba ne, kuma an faɗi gaskiya.

Sai dai ku buɗe Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ku ga abin da aka ɗora wa ƙaramar hukuma: kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, tituna da fitilun titi da magudanan ruwa, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, kwashe shara, sa ido kan shaguna da tireda da gidajen abinci da gidajen burodi, maƙabartu da gidajen kula da gajiyayyu da marasa galihu, sannan shiga cikin harkar ilimin firamare da kiwon lafiya. Ku sake karanta jerin nan kuna tunanin wuta. Jujin da ake cinna wa wuta a bayan kasuwa, nasu ne. Tiredar da aka kafa a bakin lungu har mota ba ta iya shiga, da izininsu ko da kawar da kansu aka kafa ta. Gidan burodin da ke jingine da gidan mutane da tulin itace a ƙofarsa, su ke da ikon duba shi. Hatta lambar gida, da ake ganin kamar ado ce, ita ke sa direban kwana-kwana ya iso kai tsaye maimakon ya tsaya yana tambayar masu shayi.

Akwai wata 'yar dabara game da kasuwa. Manyan kasuwanni irin su Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwar Bauchi, da na garuruwa irin su Azare da Misau da Alkaleri, ba lallai ne hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Kada ku yi ta gardama a kai. Ku ɗauko rasit ɗin kuɗin rumfa ko na shara ku duba sunan da ke samansa. Wanda ke karɓar kuɗin shi za ku fara riƙewa.

Na biyu, ku haɗa mutane kaɗan masu nauyi

Mutum bakwai zuwa tara sun isa. Ku fara da mai unguwa, domin duk abin da aka yi a bayansa ba ya nisa, kuma ta hannunsa magana za ta hau zuwa ga dagaci da hakimi. A samu limami ko fasto, a samu ma'aikacin wayarin da ya san aikinsa, da wakilin 'yan sintiri, da wakilin 'yan ga-ruwa, da mutum ɗaya daga cikin masu buƙata ta musamman wanda zai yi magana da bakinsa. Mata biyu aƙalla, kuma ba na cika lissafi ba: su za su shiga cikin gida su ga inda murhu yake, su suka san gidan da ake kulle yara a ɗaki idan uwa ta fita unguwa. Idan mazaɓarku na da kwamitin raya mazaɓa da ke aiki da asibitin matakin farko, ku jawo shugabansa, domin ya riga ya san hanyar sakatariya.

Ku guji sa wa kwamitin rigar jam'iyya. Ranar da aka ce na wane ne, rabin unguwa sun fita.

Na uku, zagaye da littafi

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ku ɓata lokaci. Ku fara tun watan Satumba ko farkon Oktoba, damina na ƙarewa, kafin iskar hunturu ta busar da komai. Ku sayi babban littafi ku raba shi biyu.

Rabi na farko na haɗari ne. Ku bi lungu-lungu kuna rubuta abin da ido ya gani, da wurin, da ranar. A kasuwa ku ɗaga kai sama: wayoyin da aka jajjawo daga rumfa zuwa rumfa, siririyar waya ɗauke da firji uku da injin niƙa, fis ɗin da aka maye gurbinsa da waya mai kauri don kada ya riƙa yankewa. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muni, domin amfanin fis kenan ya ƙone kafin rumfa ta ƙone. Yawancin gobarar kasuwa da dare takan biyo hanya ɗaya: an ɗauke wuta da yamma, mai shago ya rufe ya tafi bai kashe komai ba, an dawo da ita tsakar dare da ƙarfi. Ku tambaya ko kowane layi na da makunni ɗaya da maigadi zai iya kashewa bayan an tashi. Ku rubuta inda 'yan bumburutu ke ajiye jarkokin mai, da nisansu da mai tsire ko mai suyar ƙosai. Ku rubuta masu ɗura gas a cikin shago tsakiyar gidajen mutane. Ku ɗauki tef ku auna faɗin hanyoyin shiga. Inda bai kai mita huɗu ba, babbar mota za ta sha wuya, musamman a kwana. Sannan ruwa: tankin motar kwana-kwana kan ƙare cikin 'yan mintuna, to ina za ta sake ɗiba? Ku rubuta kowace rijiyar burtsatse mai tanki a sama, da sunan wanda ke riƙe da makullinta.

A gidaje abin ya bambanta. Kaskon gawayi a ɗaki ƙofa a rufe saboda sanyi, wanda ko bai kama katifa ba iskarsa mai guba kan kashe mutum cikin barci ba tare da wari ba. Janareto a soro ko a ƙarƙashin taga. Hitar dafa ruwa da aka manta a bokitin roba. Maganin sauro mai hayaƙi a gefen gidan sauro. Tukunyar gas a cikin ɗakin kwana da tiyon da ya tsattsage. A shafa ruwan sabulu a mahaɗa, idan ya yi kumfa to yana yoyo, kada wanda ya gwada da ashana. Tagogi masu ƙarfe da ba sa buɗuwa, waɗanda aka sa don ɓarawo amma ranar gobara su zama kurkuku. A karkara kuwa, kamar ƙauyukan Toro da Ningi da Ganjuwa, ku duba rumbuna da tarin kara da harawa, ko an share musu kewaye, domin wutar masu farautar gafiya ba ta tambayar gonar wa take ci. Kada ku tsallake tsangayu da makarantun kwana: ƙofa nawa ɗakin ke da ita, kuma da dare daga waje ake kulle ta ko daga ciki?

Rabi na biyu na mutane ne. Gida nawa ke da tsoho ko tsohuwa da ke kwana su kaɗai? Ina makaho, ina kurma wanda ba zai ji ihu ba, ina gurgu, ina mai shanyewar ɓarin jiki, ina mai taɓin hankali da ake rufewa, ina gidan marayu da babba a cikinsu bai wuce shekara goma sha biyar ba? A gaban kowane suna a rubuta maƙwabci ɗaya da ya amsa cewa idan aka yi ihun wuta, ƙofar nan zai fara nufa.

Wannan rabin yana buƙatar ladabi. Ba a faɗa wa gidan mutum da littafi a hannu kamar masu karɓar haraji. A yi sallama, a gaisa, a ce, “Inna, mun zo ne kan maganar gobara, muna so mu san wanda zai taimaka miki idan wani abu ya taso, Allah ya kiyaye.” Wanda ya ce ba ya so a rubuta shi, a ƙyale shi. Kada kuma ku ce za a kawo tallafi, domin ba ku da shi. Sunayen su tsaya wurin mai unguwa da sakataren kwamiti. Abin da za ku kai hukuma adadi ne kawai, sai idan mutum ya yarda a kai sunansa don a yi masa rajista. Ba a sa irin wannan jeri a WhatsApp.

Na huɗu, takarda

Maganar baki a sakatariya iska ce. Na taɓa bin wata buƙata ta unguwarmu a wani ofis har wata uku, kullum a ce “ana kai”, ranar da na matsa aka ce a kawo shaidar cewa mun taɓa kawo takarda. Ba mu da ita. Tun daga ranar ban sake miƙa takarda ba tare da kwafi na biyu a hannuna ba.

Ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansilan mazaɓarku, da sa hannun mai unguwa. Shafi ɗaya, a haɗa da hotuna. Kada ku jera matsaloli ashirin. Ku zaɓi uku ko huɗu da ke cikin ikonsu, kowace da wuri da lokaci. Misali: a turo duba-gari su duba gidajen burodi biyu da shagon gas kafin ƙarshen Oktoba, a janye tireda huɗu da suka toshe ƙofar gabas ta kasuwa, a kwashe jujin bayan makaranta, a sa tukwanen kashe gobara a asibitin mazaɓa. Ku aika kwafi ga shugaban sashen ayyuka, da na sashen lafiya, da jami'in walwalar jama'a, da ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa. A wurin akawun da ke karɓar takardu ku tsaya sai ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Ku tambayi ranar da za ku dawo, ku rubuta, ku kuma dawo a ranar.

Buƙatar da ba ta cin kuɗi ku sa ta a gaba. Turo duba-gari ba ya buƙatar kwangila, kuma jami'in da ya cika muku ƙaramar buƙata ya fi sauƙin kamawa a babba.

Na biyar, ku sa kansila ya yi aikin kansila

Mun mayar da kansila mai biyan kuɗin magani da ragon suna, alhali aikinsa na asali yin doka da sa ido kan ɓangaren zartarwa. Majalisar kansiloli na iya kafa dokar cikin gida, tana iya gayyatar shugaban sashe ya yi bayani, kuma ta gabanta kasafin kuɗi ke wucewa. Ku je masa da magana a shirye: “Ranka ya daɗe, ba kuɗi muka zo nema ba. Muna so ka gabatar da wannan a zaman majalisa, a sa shi cikin rubutaccen bayanin zama.” Ku nemi sanin ko akwai tsohuwar doka kan ƙona daji, da ajiye mai a cikin gidaje, da kasa kaya a kan hanya. Sau da yawa dokar na nan cikin fayil, aiwatarwa ce babu.

Ku tambaye shi kuma game da kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma. Tsarin ƙasa ya tanadi matakai uku: NEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, wadda aka kafa a 1999, SEMA, takwararta ta jiha, sai kwamiti a kowace ƙaramar hukuma. Su wane ne 'yan kwamitin, yaushe suka yi zama na ƙarshe, wace lamba ake kira? Amsar da za ku samu ita za ta nuna muku inda aka kwana.

Na shida, kuɗi

Uzurin da aka fi ji shi ne kuɗin na asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kawai tsarin mulki ya sani. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, amma kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, kashi 20.60 cikin ɗari, ana wallafa abin da ya faɗa wa kowacce duk wata. Ku nemo na taku ku riƙe a hannu kafin ku shiga ofis. Ban da wannan akwai kuɗin shiga na cikin gida, wanda babban ɓangarensa daga kasuwa da tasha yake fitowa. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin rumfa yana da bakin tambayar nawa aka mayar wa kasuwar.

Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, ana kuma shirya ta a watannin ƙarshen shekara. Duk abin da ke buƙatar kuɗi, kamar tankin ruwa a kasuwa ko gyaran waya a asibiti, ya isa gaban jami'in kasafi kafin lokacin, in ba haka ba sai wata shekarar. Idan aka hana ku ganin kasafin, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku damar nema a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati, ba tarayya kaɗai ba.

Na bakwai, rabin littafin da ya shafi mutane

Ku kai adadin ga jami'in walwalar jama'a da shugaban asibitin mazaɓa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare nasa na biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani ne ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Ku tambaya mutum nawa aka yi wa rajista a mazaɓarku, da yadda aka zaɓe su, da lokacin da za a sake buɗewa. Mafi yawan tsofaffin da ke cikin littafinku ba su da mai kai su layi, kuma wasu ba su da lambar shaidar ɗan ƙasa da ake nema. Wannan aikin matasan kwamiti ne. Batun marayu a miƙa shi ga BASOVCA, hukumar marayu da yara marasa galihu ta jihar, ta hannun jami'in walwala. Ku roƙi ma'aikatan lafiya da ke zagayen gida-gida su riƙa leƙa waɗanda ke kwance, su kuma ja kunne kan kaskon gawayi tunda sun riga sun shiga ɗakin.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar keken guragu. Wa'adin ya wuce. Ku duba asibitinku da sakatariyar kanta.

Abin da ba ya jiran sa hannun kowa

Ku gayyaci 'yan kwana-kwana a rubuce su zo su koyar, ranar da kasuwa ba ta ci ko bayan la'asar a filin makaranta. A kunna wuta a rabin duro kowa ya gwada tukunyar kashe gobara da hannunsa: a zare fil, a saita bakin tiyo a gindin wutar, a matse, a riƙa kaɗawa dama da hagu. Mai hoda ita ta fi dacewa da shago domin tana kashe wutar kaya da ta mai da ta lantarki. A riƙa duba allurarta tana kan kore. Wutar mai ko ta lantarki ba a watsa mata ruwa. Bokitin yashi, ko murfi a kan tukunyar suya, a kashe makunni tukuna. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi na kimanin minti ashirin, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba manja ba, sannan asibiti. Lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa da lambar gaggawa ta 112 a rubuta su da fenti a bangon masallaci da ƙofar kasuwa, a kuma gwada kiran ta ofishin lokaci-lokaci don a tabbatar tana shiga. A kira su tun wuta na ƙarama. Kiran da ake yi bayan an gaji da guga shi ke sa su iso kan toka, sannan a bi su da jifa.

Idan ƙaddara ta riga fata, cikin kwana ɗaya ko biyu kwamiti ya rubuta asarar kowa a gaban mai unguwa, da hoto, a kai ƙaramar hukuma don ta miƙa wa SEMA. A karanta jerin a bainar jama'a kafin a kai, a sake karantawa ranar rabon kaya, domin tsakanin ranakun nan biyu ne baƙin sunaye ke tsirowa. 'Yan haya su shiga jeri da sunansu, ba a dunƙule su cikin na mai gida ba.

Idan an yi muku shiru

Bayan mako biyu ku kai tunatarwa, ku maƙala kwafin ta farko mai hatimi. Bayan wata guda ku bi ta fadar hakimi, ku rubuta wa Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da Masarautu, da ɗan majalisar jiha na yankinku. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, da ke aiki tun 1975, tana da ofis a Bauchi kuma ba a biyan ko kwabo. Inda kuka ga an rubuta an kashe kuɗi kan abin da babu shi a ƙasa, wannan na babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi ne. Gidan rediyo ku bar shi ƙarshe, kuma idan kun je ku karanta kwanan watan da ke kan takardunku da buƙatun da kuka nema, ban da zagi. A ƙarshen Fabrairu, iska ta fara lafawa, kwamiti ya sake ɗaukar littafin nan ya bi lungunan da ya bi a Satumba, a ja layi kan abin da aka gyara, sauran a kwafe su cikin takardar bana.